Kwana biyar a Kasarani, filin da babu 'yan kallo

Sanyi ne ya fara yi mini maraba a Nairobi. Na sauka a filin jirgin sama na Jomo Kenyatta da asubar Litinin, 16 ga Agustan 2021, da 'yar riga mara nauyi a jikina, takunkumi a fuska, takardar gwajin korona a hannu. Ni a tunanina garin da ke dab da tsakiyar duniya ai zafi ne zai yi. Ashe Nairobi na zaune ne a kan tudu mai tsayin kusan mita 1,800 daga teku, kuma Yuli da Agusta su ne watannin sanyinsu. Kafin in kai wurin mota haƙorana sun fara kaɗawa.

Gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya ta matasa 'yan ƙasa da shekara 20 ce ta kai ni, da katin ɗan jarida a wuya. Tun da aka fara ta a Atens a 1986, ana yinta duk bayan shekara biyu, ba ta taɓa zuwa Afirka ba sai wannan karon. Da ma a Yulin 2020 aka shirya yinta, annoba ta ture ta zuwa Agustan 2021, sannan ana gab da farawa aka sake ɗaga ta da kwana ɗaya saboda wahalar da tawagogi suka sha wajen samun jirage. Amurka ba ta zo ba, haka Birtaniya da Jamus da Japan da Ostireliya. Aka kuma ce ba za a bar 'yan kallo su shiga ba.

Direban da ya ɗauke ni dattijo ne mai furfura a gemu, don haka na bi yadda na ji ana kiran irinsa a can, ina ce masa Mzee. Muka kutsa cunkoson titin Mombasa, inda a lokacin ake kan gina babbar gadar nan mai bi ta saman titi, ƙura da ginshiƙan siminti ko'ina. Yana magana da wani a waya da Suwahili, ni kuwa ina tsintar kalmomi kamar mai tsintar gyaɗa bayan an yi roro: habari, dunia, asubuhi, alfajiri. Wannan ne ya ruɗe ni har na ɗauka na fara jin yaren. Da zai sauke ni a masauki ya ce ranar Laraba zai zo da "saa mbili". Na tambayi yaron masaukin ma'anar mbili, ya ce biyu. Raina ya ɓaci, don ƙarfe biyun rana ai an gama wasannin safe, biyun dare kuwa akwai dokar hana fita daga ƙarfe 10 zuwa 4 na asuba. Sai da yaron ya gama dariyarsa ya fahimtar da ni cewa su daga fitowar rana suke fara ƙidaya, bakwai na safe ita ce awa ta ɗaya. Saa mbili ƙarfe takwas ke nan.

Ranar Laraba kuwa takwas daidai ya iso. Muka hau babban titin Thika zuwa arewa maso gabas, ƙananan bas-bas da suke kira matatu na ta shan gabanmu, kowace da zane-zane a jiki. Daga nesa na hango filin Kasarani, wani ƙaton kwano na siminti da aka gina da taimakon ƙasar Sin don wasannin Afirka na 1987.

"Ndugu (ɗan'uwa), da a 2017 ka zo," in ji Mzee, yana nuna filin da haɓa. "Lokacin gasar 'yan ƙasa da 18. Kyauta aka bar mutane suka shiga. Ranar ƙarshe na kawo jikokina, da ƙyar muka samu wurin tsayawa."

Gaskiyarsa, a ranar rufe waccan gasa mutane kusan 60,000 ne suka cika filin. Ni kuwa da na wuce shingen bincike, aka auna zafin jikina, aka duba sakamakon gwaji, na haura matakala na leƙa ciki, kujeru na tarar jere har sama babu kowa a kansu sai tsuntsaye. Mai sanarwa yana ta kwarara magana a lasifika, muryarsa na bugun bango tana dawo masa.

Da farko abin ya ba ni takaici. Yara sun yi shekaru suna shiri, sun tsallako tekuna, a ce babu mai tafa musu. Amma kafin azahar na gane cewa shirun nan ya ba ni abin da ban taɓa samu a talabijin ba, wato sauti. Idan mai bindigar farawa ya ba da umarnin a durƙusa, kana jin ƙarar ƙusoshin takalma a jikin tubalan tashi. Kana jin numfashin masu gudun mita 400 idan suka karyo kwanar ƙarshe, wani irin gurnani kamar ana zuga zugazugi. Kana jin ƙarar shinge idan gwiwa ta doke shi, da ihun mai jifan mashi bayan ya saki, da muryar koci guda ɗaya daga can saman kujeru yana kiran sunan yaronsa, yaron kuma yana jinsa sarai.

Da yammar ranar farko aka yi wasan ƙarshe na gudun miƙa sanda na mita 400 sau huɗu, maza biyu mata biyu, karon farko da aka sa shi a wannan gasa. Najeriya ta tsayar da Johnson Nnamani, Imaobong Nse Uko, Opeyemi Oke da Bamidele Ajayi. An hana mu 'yan jarida nuna ɓangare, amma a mitoci hamsin na ƙarshe, da na ga ɗan Polan yana numfashi a ƙeyar Ajayi, ban san lokacin da na miƙe ba, biro ya faɗi ƙarƙashin kujera. Minti 3 da daƙiƙa 19.70, Polan kuma 3:19.80. Tazarar ba ta kai taku ɗaya ba. Indiya ta zo ta uku, 'yan jaridarsu biyu da ke gefena suka rungume juna suka manta da dokar ba da tazara. Aka buga taken Najeriya a fili fayau, 'yan tawaga da ba su fi a ƙirga su da yatsu ba suna rerawa ta cikin takunkumi.

Inda na fi daɗewa a kwanakin nan ba cikin babban filin ba ne. Akwai ƙaramin filin ɗumama jiki a gefe, kuma daga bayan shinge ana iya kallon komai. A nan ake ganin yarintarsu. Wani yana kwance da waya a kunne, wata tana gyara wa ƙawarta kitso, wani yana amai a bayan tanti don fargaba. Daga nan ake kiransu rukuni-rukuni zuwa ɗakin tantancewa, a duba lambar ƙirji, a auna tsayin ƙusoshin takalmi, a karɓe waya, sannan a jera su a shigar da su fili kamar masu shiga jarrabawa.

A bakin shingen nan na saba da wani tsohon koci, agogon auna gudu rataye a wuyansa, igiyar duk ta ƙoƙe. Na tambaye shi yara nawa ya kawo.

"Uku," ya ce. "Da huɗu ne."

"Na huɗun fa, Koci? Rauni ya ji?"

"Lafiyarsa ƙalau, ɗana. A Disambar 2001 aka haife shi."

Sai ya warware mini. Dokar gasar ba ta kallon shekarunka a ranar da za ka yi gudu, shekarar haihuwa take kallo: dole ya kasance a ranar 31 ga Disamba ta shekarar gasar kana tsakanin 16 da 19. Da an yi ta a 2020, 'yan 2001 ne manya a fili, su ne ake sa ran za su kwashe lambobi. Da aka ɗaga ta shekara ɗaya, sai ƙofar ta koma daga 2002 zuwa 2005, duk wanda aka haifa a 2001 ya tashi a tutar babu. Yaron nasa da makonni uku kacal ya kuɓuce masa. Ya ce ranar da za su taso yaron ne ya ɗauko musu jakunkuna har tasha. Ya faɗi haka yana kallon agogonsa, bai ƙara komai ba, ni ma ban sake tambaya ba.

Shi ne kuma ya koya mini abin da ya bambanta kayan matasa da na manya, don ni a da ɗauka nake duk ɗaya ne. Dalmar da samari ke jefawa kilo 6 ce, ta manya kilo 7.26. Faifan jifa kilo 1.75, na manya kilo 2. Shingen gudun mita 110 santimita 99 ne, na manya ya kusa 107. Ya ce wannan 'yar tazarar ta santimita bakwai da ɗoriya ta cinye zakarun matasa da yawa, don yaro zai saba da taku ɗaya shekara da shekaru, rana ɗaya a ɗaga masa shinge ya koma kamar bai taɓa tsalle ba. Na ce masa ai an ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ya yi murmushi ya ce a wannan sana'ar Laraba na yawan yin ƙarya.

Kuma tarihin gasar ya ba kowannenmu gaskiya. Usain Bolt yana ɗan shekara 15 ya ci mita 200 a Kingston a 2002. David Rudisha ya ci mita 800 a Beijing a 2006. Haile Gebrselassie na Habasha ya haɗa mita 5,000 da 10,000 a Seoul a 1992, inda ɗan Kenya da ya wuce a gab da layi ya kai masa naushi a baya don haushi, aka kuma ƙwace azurfar ɗan Kenyan. Falilat Ogunkoya ta Najeriya ta ci mita 200 tun a gasar farko ta 1986, bayan shekara goma ta ɗauko lambobi biyu a Olamfik na Atlanta. Francis Obikwelu ya ci wa Najeriya mita 100 da 200 a Sidni a 1996, amma azurfar da ya samu a Olamfik na 2004 da rigar Fotugal ya same ta. Waɗannan su ne ake tunawa. Idan ka bi jerin sunayen zakarun kowace shekara, rabinsu ko a intanet sai ka sha wahala kafin ka gano inda suka ƙare.

Ranar Alhamis wani siririn yaro ɗan Botswana, Letsile Tebogo, ya ci mita 100 a daƙiƙa 10.19, Tina Clayton ta Jamaika ta ci na mata a 11.09. Amma abin da ya fi zauna mini a gudun mita 100 tun zagayen share fage na gan shi. Wata yarinya ce, ba zan faɗi ƙasarta ba, ta zo ta ƙarshe a rukuninta. Ta biyo ta zirin da 'yan wasa ke ratsawa a gaban 'yan jarida, babu wanda ya miƙa mata makirufo. Ta samu gefen siminti ta zauna tana kwance igiyar takalmi a hankali, ƙafa ɗaya, sannan ɗayar. Na matsa na gaishe ta. Ta ce jirgi uku suka hau, kwana biyu a hanya, gwajin hanci ba ta san adadinsa ba. Duk don daƙiƙa goma sha biyu da 'yan kai. Na rasa abin faɗa, na tambaye ta ko ta ji daɗin gudun. Ta ce ba ta taɓa taka irin wannan dandamalin roba ba sai da ta zo nan, a gida kan jar ƙasa suke atisaye, kuma ita dai lokacin da ta yi yau ya fi duk wanda ta taɓa yi. Ta ciro lambar ƙirjinta, ta cire allurai huɗun ɗaya bayan ɗaya, ta ninke takardar ta sa cikin takalmi.

Tsayin Nairobi kuwa ya raba 'yan wasa gida biyu. Iskar sama ba ta da kauri, don haka masu gajeren zango suna keta ta cikin sauƙi, masu dogon zango da suka taso daga bakin teku kuma suna haki kamar an shaƙe su. Ni kaina da ba gudu nake ba, hawa matakalar wurin 'yan jarida sai na tsaya sau biyu. Sasha Zhoya, wanda aka haifa a Ostireliya, uwa Bafaranshiya uba ɗan Zimbabuwe, yana sanye da rigar Faransa, ya karya tarihin duniya na matasa a tsallaken shinge na mita 110 ranar Juma'a da daƙiƙa 12.93, washegari ya sake karya nasa da 12.72. Ban taɓa ganin mutum yana tsallake shinge kamar babu shi a wurin ba sai ranar. A dogon zango kuwa Kenya da Habasha suka yi ta rabon kayansu, sauran ƙasashe na biye a nesa.

Asabar ce ranar Najeriya. Imaobong Uko, 'yar shekara 17, ta ci mita 400 a 51.55. Udodi Onwuzurike, haifaffen Detroit a Amurka wanda ya zaɓi ƙasar iyayensa, ya doke Tebogo a mita 200, 20.21 da 20.38. A na mata Christine Mboma ta Namibiya, wadda makonni biyu da rabi kafin nan ta ci azurfa a Olamfik na Tokyo, ta yi 21.84, 'yar ƙasarsu Beatrice Masilingi ta biyo ta, Favour Ofili ta Najeriya ta ɗauki tagulla. Na daɗe ina kallon Ofili a kan dandamalin karɓar lambobi. Tana cikin 'yan wasan Najeriya goma da suka je har Tokyo aka hana su fafatawa saboda ba a yi musu adadin gwajin ƙwayoyi da doka ta tanada ba kafin gasar. Ba a kama ta da komai ba, gwajin ne ba a kammala ba. Yarinya ta kai bakin Olamfik ta dawo ba ta taka fili ba, ga ta nan bayan sati uku tana karɓar lamba a gaban kujeru.

Da safiyar wannan Asabar ɗin aka yi abin da ya fi ba Kenyawa mamaki, tseren tafiya na mita 10,000, wanda doka ta ce kada ƙafafu biyu su bar ƙasa lokaci guda kuma gwiwar gaba ta miƙe, alƙalai na tsaye a gefe suna zura ido. Kenya ƙasar gudu ce, ba a san ta da wannan tafiya mai karairaya ba. Sai ga Heristone Wanyonyi ya sha gaban Amit Khatri na Indiya a zagayen ƙarshe-ƙarshe ya ci zinare. Masu share fili da 'yan sa-kai da 'yan sanda suka bar aikinsu suna ihu. A ranar na fahimci filin ba fanko ba ne gaba ɗaya, akwai 'yan kallo, sai dai duk da rigar aiki.

Lahadi, ranar rufewa, kamar an buɗe famfo. Samarin Afirka ta Kudu suka kafa tarihin duniya na matasa a miƙa sanda na mita 100 sau huɗu da 38.51, 'yan matan Jamaika suka kafa nasu da 42.94, Najeriya ta uku. A dogon tsalle Shaili Singh ta Indiya ta yi mita 6.59, Maja Åskag ta Siwidin ta yi 6.60. Na buɗe yatsuna biyu ina auna santimita ɗaya, ko faɗin farce bai kai ba. A mita 800 wani Wanyonyin, Emmanuel, ɗan shekara 17 wanda talauci ya fitar da shi daga makaranta yana yaro ya koma kiwon shanun mutane, ya yi minti 1 da daƙiƙa 43.76, ya goge tarihin gasar da Nijel Amos ya kafa a 2012. Sannan 'yan matan Najeriya, Oke da Uko da Ella Onojuvwevwo da Ofili, suka rufe da zinare a mita 400 sau huɗu. Kenya ta ƙare a sama da zinare 8, Finlan ta biyu da 4 da azurfa ɗaya, Najeriya ta uku da zinare 4 da tagulla 3, ciki har da ta Chinecherem Nnamdi a jifan mashi. Akwai masu cewa da Amurka ta zo da lissafin ya canza. Mai yiwuwa. Amma agogo bai san wanda ya zo da wanda bai zo ba, kuma kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Littafin da na yi rubutu a ciki yana nan. A Agustan 2024, daren da Tebogo ya ci mita 200 a Olamfik na Faris da 19.46, ɗan Afirka na farko da ya taɓa yin haka, har aka ba da hutun rabin yini a Botswana, na ɗauko shi na duba. Abin da na rubuta a gaban sunansa shi ne, "siriri, yana sakin jiki da wuri, na biyu." Ko sunan ban rubuta daidai ba. Bayan kwana biyu Emmanuel Wanyonyi ya ci mita 800 da 1:41.19. Shi kuma a gaban nasa alamar tambaya kawai na sa, ban ma tuna abin da nake tambaya ba.

Ranar Litinin Mzee ya mayar da ni filin jirgi, wannan karon ni na ce masa saa kumi na moja, biyar na yamma, ya yi dariya har yana dukan sitiyari. Zauren tashi cike yake da yara masu rigunan ƙasashe daban-daban, wasu na barci a kan jakunkuna, wasu na musayar riguna, wani dogo yana rigima da ma'aikaciya a kan yadda za a shigar da doguwar jakar sandunan tsallensa cikin jirgi. A layin bincike yaron da ke gabana ya wuce ta ƙofar na'ura ta yi ƙara. Aka ce ya koma. Ya cire bel, ya sake wucewa, ta sake yin ƙara. Sai ya sa hannu cikin rigarsa a kunyace ya zaro lambar tagulla da ke rataye a wuyansa ta ciki, ya ajiye a tire. Jami'in ya ɗauka, ya jinjina nauyinta a tafin hannu, ya juya bayanta, ya kira abokin aikinsa ya nuna masa. Sannan ya rataya wa yaron da kansa, ya ce na baya ya matso.